Waiwaye: Joseph Nollekens, masassaƙin da littafi ɗaya ya ɓata wa suna

Duk wanda ya karanta tarihin sassaƙa a Ingila zai tarar da sunan Joseph Nollekens haɗe da rowa, kuma asalin wannan tabo littafi guda ne da John Thomas Smith ya fitar a 1828, shekara biyar bayan rasuwar masassaƙin. Smith ya tashi a ɗakin aikin Nollekens, inda mahaifinsa yake mataimaki, kuma ya sa rai da gado mai tsoka daga dukiyar da ta kai kusan fam 200,000. Da aka buɗe wasiyya sai ya ga fam 100 kacal aka bar masa. Daga nan ya zauna ya zayyana maigidan nasa da matarsa Mary a matsayin mutanen da ke ƙirga kyandir da gawayi, har ya ba da labarin cewa Nollekens yakan cusa safa da leshi a cikin gumakan filasta masu rami don ya kauce wa kuɗin kwastan.

An haifi Nollekens a unguwar Soho ta Landan a 1737, ɗan wani mai zane da ya zo daga Antwerp. Yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi koyon sana'a wurin masassaƙi Peter Scheemakers. A farkon shekarun 1760 ya tafi Roma, a daidai lokacin da Turawa suka koma kwaikwayon tsohuwar fasahar Girkawa da Rumawa, wato farin marmara, natsuwar fuska da mayafi mai sauƙin ninki. A can ya ƙware wajen gyara tsofaffin gumakan da aka haƙo a karye, yana sayar wa attajiran Ingila masu yawon buɗe ido, kuma a can ya sassaƙa kan marubuci Laurence Sterne, aikin da ya fito da sunansa. Ya dawo Landan a 1770, ya buɗe ɗakin aiki a titin Mortimer, aka zaɓe shi cikakken mamba a Royal Academy, wato ƙungiyar manyan masu zane da sassaƙa ta Landan, a 1772.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne mutum-mutumin kai da kafaɗu, kuma a nan ne, a ganina, ya kamata a auna shi. Abokan hamayyar siyasa biyu, Charles James Fox da William Pitt, su ne suka cika masa aljihu. A 1791 Sarauniya Katarina ta Rasha ta nemi mutum-mutumin kan Fox, ta sa aka ajiye shi tsakanin na Demosthenes da na Cicero, manyan masu balagar zamanin da. Shi kuwa Pitt bai taɓa zama gabansa ba, sai da ya rasu a 1806 Nollekens ya ɗauki siffar fuskar gawarsa da filasta, ya yi aikin daga gare ta, ɗakin aikinsa kuma ya yi ta fitar da kwafe-kwafensa da dama a marmara da filasta. Wanda ya tsaya gaban kan Fox zai ga kaurin gira, nauyin haɓa da gashin da bai kwanta ba, domin Nollekens bai yarda salon Girkawa ya shafe kamannin mai rai ba.

Ba za a ce Smith ƙarya ya shara gaba ɗaya ba, tunda ya san gidan ciki da bai, kuma masana har yau suna komawa ga littafinsa don sanin yadda ɗakunan sassaƙa na Landan suke gudana. Sai dai mai jin haushi ba ya rubuta adalci, kuma hotunan da 'yan'uwansa masu zane suka yi masa yana raye suna nuna wani mutum dabam. Mary Moser ta zana shi jim kaɗan bayan dawowarsa daga Roma, William Beechey kuma ya zana shi a 1812 yana dattijo. Wanda aka fi sani shi ne na Lemuel Francis Abbott, na wajen 1797, da ke National Portrait Gallery a Landan, inda Nollekens, yana da kimanin shekara sittin, ya jingina da kan marmaran Fox da ya sassaƙa da hannunsa.