Waiwaye: Yadda Nicodemus Ta Koma Garin Mutum 14

Ƙidayar jama'ar Amurka ta 2020 mutum 14 ta samu a Nicodemus, wani ƙauye a gundumar Graham da ke arewa maso yammacin jihar Kansas. Mai tafiya a babbar hanya mai lamba 24 zai iya wuce shi bai ankara ba: 'yan gidaje, coci, tsohon zauren taro na dutse, sai gonaki iya ganin ido. Ƙauyukan da suka rame haka suna da yawa a tsakiyar Amurka. Abin da ya bambanta wannan shi ne, a lissafin hukumar da ke kula da wuraren tarihi ta ƙasar, shi kaɗai ya rage a yammacin kogin Mississippi cikin garuruwan da baƙar fata suka kafa a shekarun da suka biyo bayan yaƙin basasa.

Yaƙin ya ƙare a 1865, an haramta bauta, amma 'yantattun bayi na Kudu ba su sami ƙasar noma ta kansu ba. Akasarinsu sun ci gaba da noma wa tsofaffin iyayengijinsu, ana raba amfanin gona, bashi kuma yana bin su shekara bayan shekara. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga harkokin Kudu, masu tsohon iko suka dawo da ƙarfinsu. Ana cikin wannan hali labarin Kansas ya riƙa yawo. Akwai dokar 1862 wadda ta ba duk wanda ya zauna a filin gwamnati ya noma shi shekara biyar damar mallakar eka 160, wato kimanin hekta 65. Ga mutumin da aka haifa a matsayin dukiyar wani, wannan ba ƙaramin kira ba ne.

Wani Bature dillalin filaye, W. R. Hill, da wani baƙar fata mai wa'azi, W. H. Smith, da wasu abokansu suka kafa kamfanin gari a 1877, suka zaɓi wuri a gefen kogin Solomon. Suka shiga coci-coci na baƙar fata a Kentucky suna tallar wurin, suna zuga shi kamar ƙasar alkawari. A watan Satumba na shekarar mutum kusan 350 suka taso daga wajejen Lexington, wani ayarin ya biyo baya daga Georgetown a farkon 1878. Jirgin ƙasa a garin Ellis yake sauke su, sauran tafiyar ta fi kilomita 50, a ƙafa ko a keken doki.

Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da aka faɗa musu. Mutanen da suka saba da itatuwa da korayen tuddai na Kentucky sai ga su a fili fetal, babu itacen gini, babu inuwa. Waɗanda suka riga su zuwa ramuka suka haƙa a jikin gaɓa, suka rufe da ciyawa da ƙasa, a ciki suke kwana. Matar wani fasto da ta zo da ayarin 1878 ta ba da labari bayan ta tsufa, cewa da maza suka yi ihu an iso, ta duba ba ta ga gari ba, ta tambayi mijinta ina Nicodemus ɗin. Ya nuna mata hayaƙi yana fitowa daga ƙasa. Nan take ta fashe da kuka. Iyalai da dama sun juya ba su ko kwance kaya ba. Waɗanda suka tsaya daga ayarin Satumba sun iso a makare, lokacin shuka ya wuce, kuma zuriyarsu har yau suna ambaton 'yan ƙabilar Osage, 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda suka biyo ta wurin daga farauta suka raba musu nama a sanyin farko.

Cikin shekara goma ramukan suka zama gari. Aka yi gine-ginen dutse, shaguna, otal, makaranta, gidan waya, banki, da jaridu biyu, Western Cyclone da Nicodemus Enterprise. Mazauna garin da gonakin kewaye suka kai ɗaruruwa, har da Turawa 'yan kasuwa da suka buɗe shaguna a cikinsa. Ɗaya daga cikin mutanen garin, Edward P. McCabe, ya ci zaɓen mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882, aka sake zaɓensa a 1884. A lokacin da ake ƙwace wa baƙar fata ƙuri'a a Kudu, ga wani yana riƙe da littafin kuɗin jiha guda.

Sai maganar dogo. A wancan zamani garin da ke tsakiyar filayen nan rayuwarsa tana hannun kamfanin jirgin ƙasa, domin alkama ba ta da daraja sai an kai ta kasuwa, kuma keken doki ba zai yi gasa da tarago ba. Mutanen Nicodemus sun san haka sarai. A 1887 suka kaɗa ƙuri'ar ɗaukar bashin dala 16,000 don su jawo kamfanin Missouri Pacific, amma layinsa ya tsaya a Stockton, can gabas. Kamfanin Union Pacific kuma da ya zo a 1888 ya bi ta kudancin kogi, ya bar garin da tazarar kilomita kusan 10. Sansanin ma'aikatan dogon ya zama gari mai suna Bogue, 'yan kasuwar Nicodemus suka kwashe suka koma can, wasu har da ginin shagon suka ja. Hedikwatar gunduma kuwa ta tafi Hill City, garin da ke ɗauke da sunan dillalin nan da ya kawo su.

Ana yawan tambaya ko launin fatar mutanen ne ya sa dogo ya kauce musu. Kamfanonin jirgin sun yi wa garuruwan Turawa da yawa irin wannan, saboda sun fi samun riba idan suka kafa sabon gari a filinsu suka sayar da fulotai. Amma a ganina ba a buƙatar warware wannan kafin a fahimci abin da ya faru. Shawara ɗaya da aka yanke a wani ofis mai nisa ta tsayar da girman garin yana ɗan shekara 11, kuma mutanen da ba su da dangi a banki ko a majalisa su ne suka fi kowa rasa hanyar juya irin wannan shawara.

Garin ya tsuke, amma manoman kewaye suka zauna a gonakinsu, kuma su ne suka riƙe coci da makaranta shekaru arba'in masu zuwa. Abin da ya karya su shi ne shekarun 1930: faɗuwar farashin hatsi, fari, da guguwar ƙura da ta riƙa kwashe ƙasar gona ta mai da rana dare. Gonaki suka tafi a bashi da haraji. Zauren taron da ke tsaye yanzu a 1939 aka gama shi, ƙarƙashin shirin gwamnatin Shugaba Roosevelt na samar wa marasa aiki abin yi. Bayan yaƙin duniya na biyu tarakta da injin girbi suka ƙarasa aikin, tunda mutum ɗaya ya iya nome abin da a da sai gidaje goma. Matasa suka nufi Denver, Topeka, Kansas City da Kalifoniya. A 1953 aka rufe gidan waya, makaranta ta bi baya ba da jimawa ba.

Wannan ɓangaren labarin na kowa ne a yankin, fari da baƙi. Gonakin Amurka sun kai miliyan 6.8 a 1935, yanzu ba su wuce miliyan 2 ba. Gundumar Graham tana da mutum 8,700 a 1910, a 2020 saura 2,415. Cikin gundumomi 105 na Kansas, 80 sun ragu tsakanin 2010 da 2020. Sai dai kason baƙar fata ya fi ɗaci: manomansu sun haura 900,000 a 1920, yau ba su kai 50,000 ba a faɗin ƙasar. Shari'ar Pigford, ƙarar da manoma baƙar fata suka kai gwamnati wadda aka sasanta a 1999, ta taso ne daga ƙorafin cewa ofisoshin ma'aikatar noma sun daɗe suna hana su rance ko su ja musu rai har lokacin shuka ya wuce.

Duk da haka adadin 14 yana iya ruɗin mai karatu. Tun 1878 garin yake bikin 'yanci kowace shekara, asalinsa ranar 1 ga Agusta, ranar da Ingila ta 'yanta bayi a tsibiran Karibiyan a 1834. Yanzu a ƙarshen makon ƙarshe na Yuli ake yi, kuma ya zama ranar komawa gida. Ɗaruruwan jikoki da tattaɓa-kunne suna zuwa daga jihohi daban-daban, kamar yadda ƙauye ke cika a jajibirin Sallah, ana fareti, ana gasa nama, ana ziyarar kaburbura, dattawa suna nuna wa yara wane ɗan gidan wane ne. Akwai waɗanda suka yi aiki a birni shekara talatin suka dawo nan su ƙarasa kwanakinsu, akwai kuma masu barin wasiyya a kawo gawarsu. Shi ya sa mafi yawan waɗanda ke kwana a garin tsofaffi ne, kuma kusan dukkansu dangin juna ne ta jini ko ta aure.

Waɗannan zuriyar ne suka matsa wa Washinton. An sa garin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa a 1976. Angela Bates, jikar mutanen farko, ta kafa ƙungiyar tarihin garin a 1988, kuma a Nuwamba 1996 majalisar dokoki ta mai da shi wurin tarihi da gwamnatin tarayya ke kula da shi, da gine-gine biyar: coci biyu, makaranta, otal ɗin St. Francis da zauren taro. Wannan ya kawo baƙi da ma'aikatan gwamnati masu yi musu bayani, amma bai kawo yaran da za su cika aji ba. 'Yan manoman da suka rage sun kafa ƙungiyar manoma baƙar fata ta Kansas a 1999, sun gwada niƙa alkamarsu su sayar da gari da sunan ƙauyen, sun kuma gwada shuka tef, hatsin nan na Habasha mai jure fari. Babbar damuwarsu ita ce filayen gado, waɗanda magada da yawa ke da hannu a ciki alhali suna zaune a birane masu nisa, kuma duk wanda aka sayar wa babban manomin makwabta da wuya ya sake dawowa hannun dangi.