Tara tsofaffin kayan sitiriyo na gida

Tsofaffin kayan sitiriyo na gida su ne na'urorin sauraren kiɗa da aka ƙera tun daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1980, wato amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), rediyo, garmaho, rakodar kaset da lasifika. Masu tara su ba ajiyewa kawai suke yi don ado ba, gyarawa suke yi su ci gaba da amfani da su. Yadda aka haɗa su ne ya ba da damar haka: kowane ɗan sashe a ware yake a kan allo, ana iya narka dalmarsa a cire shi a sa sabo, kuma yawancin kamfanoni sun buga littafin gyara mai ɗauke da zanen wayoyin ciki.

Asali

Alan Blumlein, injiniya ɗan Ingila a kamfanin EMI, shi ne ya nemi rajistar fasahar naɗar sauti ta ɓangare biyu, hagu da dama, wato sitiriyo, a 1931. Sai dai faifan sitiriyo bai shiga kasuwa sosai ba sai 1958. A 1961 Amurka ta amince da watsa shirye-shiryen FM da sitiriyo, Philips kuma ya fito da kaset a 1963. Na'urorin farko da bawul suke aiki, wato kwalaben gilashi masu ƙara ƙarfin sauti, irin McIntosh MC275 na 1961, kafin tiransisto ya maye gurbinsu.

Shekarun 1970 ne masu tarawa suka fi so. A lokacin kamfanonin Pioneer, Sansui, Kenwood, Yamaha da Marantz sun yi ta gasar ƙarfin wat, har Pioneer ya fitar da SX-1980 a 1978 mai wat 270 a kowane ɓangare, nauyinsa kusan kilo 35. Alƙaluman wancan zamani abin dogara ne, domin tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta tilasta wa kamfanoni su rubuta ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa ba yankewa. Amma a ɗaki matsakaici, wat 30 zuwa 50 ya wadatar. Lafiyar na'ura ta fi yawan wat ɗinta muhimmanci.

Kunnawa ta farko

Na'urar da ta daɗe a ajiye, a kunnawa ta farko aka fi lalata ta. Kafin a jona ta, a duba rubutun bayanta: wadda aka yi don Japan volt 100 take sha, ta Amurka 120, ta Turai 220 zuwa 240. Wasu suna da makunnin sauya volt a baya. A duba fiyus kuma, don sau da yawa akan tarar an sa wanda ya fi ƙima girma, ko an naɗe shi da waya.

Masu gyara sukan sa ƙwan lantarki mai zare, na wat 60 zuwa 100, a kan layin da ke kai wuta ga na'urar, ta yadda wutar sai ta ratsa ƙwan tukuna. Idan ƙwan ya haska ya dusashe nan take, lafiya lau, manyan kafasito, wato sassan da ke tara wuta, su ne suka cika. Idan ya tsaya da haske, wuta na haɗuwa a ciki, sai a kashe. Ƙwan LED ba ya wannan aiki.

Kafin a jona lasifika mai tsada ga amfilifayar tiransisto, a sa mita a bakin wayoyin lasifikar, a auna tsayayyiyar wutar da ke yoyowa. Ƙasa da milivolt 50 ba laifi. Idan ta kai volt guda ko fiye, tana iya ƙona zaren lasifika. Amfilifayar bawul kuwa ba a kunna ta babu lasifika a jone, don taransifomarta na iya ƙonewa. Cikinta akwai volt 400 ko fiye, kuma kafasito na riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Abin da tsufa ke ci

Kafasito masu ruwa a ciki su ne kan gaba. Zafi da shekaru na busar da su, sai a ji gurnani a lasifika ko da ba a sa kiɗa ba, ko kuma sauti mai kauri ya raunana. Wanda ya kumbura ko ya yi yoyo sai a canza shi da mai ƙima ɗaya, volt ɗinsa daidai ko sama, a kula kada a juya ƙafafunsa, don yana iya fashewa. Masu tarawa sun rabu a kan wannan: wasu na canza duka lokaci guda, wasu sai wanda awo ya nuna ya mutu, don na'urar ta zauna yadda ta fito daga masana'anta. Ƙarar kwar-kwar idan an murɗa makunnin ƙara sauti, ko ɗaukewar ɓangare ɗaya, yawanci dauɗa ce kawai. Feshin wanke mahaɗar lantarki da murɗawa sau da yawa na kawar da ita.

Roba ma ba ta jure shekaru. Bel ɗin rakoda kan saki ko ya narke ya koma baƙin danƙo, sai an goge shi da sifirit kafin a ɗaura sabo. Ƙaramar tayar da ke danne zaren kaset idan ta taurare, ita ke sa rakoda cin kaset. Sosan da ke zagaye da bakin lasifika kan ruɓe bayan shekara 15 zuwa 20. Ana sayar da madadinsa, a kankare tsohon a liƙa sabo da gam, a tabbata tsakiyar ba ta goga. A kula da ohm, wato ma'aunin tirjiyar lasifika ga wuta: lasifika biyu masu ohm 8 da aka jona a bakin waya ɗaya sun zama ohm 4, kuma ba kowace amfilifaya ke ɗaukar ƙasa da haka ba.

Garmaho

Manyan faifai na juyawa sau 33⅓ a minti, ƙanana sau 45. Garmaho iri uku ne: mai bel, mai tayar roba, da wanda injin ke juya faranti kai tsaye, kamar Technics SL-1200 na 1972. Wanda injinsa ke bin bugun wutar gida, idan an yi shi don Hz 60, wato bugu 60 a daƙiƙa, aka kunna shi a ƙasa mai Hz 50, gudunsa zai ragu da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma taransifomar rage volt ba ta maganin wannan. Sai an canza ƙaramin sandan injin da bel ke hawa.

Allura takan yi awa 500 zuwa 1,000, don haka wadda aka tarar a tsohon garmaho gara a canza ta, tunda cinyayyiyar allura na kankare faifai. Nauyin da take dannawa yawanci giram 1.5 zuwa 2 ne, gwargwadon umarnin wanda ya ƙera ta. Sassautawa fiye da kima ya fi yin ɓarna, don allurar tsalle take yi a cikin layin. Sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙane ne, 'yan milivolt kaɗan, saboda haka dole a jona garmaho a mashigarsa ta musamman, wadda ke ƙara ƙarfin sautin ta kuma daidaita shi bisa ma'aunin RIAA, ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka. Siririyar wayar da ke fitowa tare da sauran a ɗaura ta a kusoshin da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba gurnani zai rufe kiɗan.