Waiwaye: ruwan da masana'antu ke ɗiba daga manyan tafkuna, nawa ne ke komawa?

Duk lokacin da aka ga ruwan wani babban tafki yana ja da baya, kamfanonin da ke bakinsa amsa ɗaya suke bayarwa: abin da muke ɗiba bai taka kara ya karya ba. Wani lokaci gaskiya suka faɗa. Sai dai rigingimun shekara ɗari da 'yan kai sun nuna cewa yawan ruwan da famfo ya ja ba shi ne kan magana ba. Abin dubawa shi ne nawa ya koma cikin tafkin, kuma a wane hali ya koma.

Rigimar ta fara fitowa fili a birnin Shikago na Amurka a watan Janairun 1900. Birnin yana shan ruwan tafkin Mishigan, ɗaya daga manyan tafkuna biyar da ke yankin iyakar Amurka da Kanada, kuma cikinsa yake zubar da ƙazantar gidaje da ta mahauta da masana'antu. Da cututtuka suka yi yawa, sai hukuma ta haƙa babbar magudana ta juya akalar kogin Shikago, ya daina shiga tafkin, ya nufi kogin Misisifi. Birnin ya huta, amma duk ruwan da ya bi wannan hanya ya rabu da tafkin har abada. Jihohin da ke maƙwabtaka suka garzaya kotu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru, sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙayyade wa jihar Illinois, inda Shikago yake, kimanin lita 90,000 a daƙiƙa. An ƙiyasta cewa wannan juyi ya rage tsayin ruwan tafkunan Mishigan da Huron da kusan santimita 6. Ƙaramin abu ne a ido, amma ga jirgin dakon kaya, kowane santimita lodi ne da zai bari a tasha.

Masu ɗiba mafi yawa a waɗannan tafkuna kuwa tashoshin wutar lantarki ne, na kwal da na nukiliya. Suna jan ruwa su sanyaya injuna, su mayar da kusan dukkansa. Don haka tsayin ruwa bai cika shan wahalarsu ba. Kifi ne ke ji a jika. Manya su manne a jikin ragar bututu su mutu, ƙwai da 'ya'yan kifi su shige ciki, ruwan kuma ya fito da ɗumi, alhali ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar da halittun ciki ke shaƙa kamar mai sanyi. Dokar tsabtar ruwa ta Amurka ta 1972 ta taɓo wannan batu na bututun jan ruwa, kuma a shekarar ne Shugaba Nixon na Amurka da Firayim Minista Trudeau na Kanada suka sa hannu kan yarjejeniyar kare ingancin ruwan tafkunan.

Abin da ya tayar da hankalin yankin daga baya wani ƙaramin lasisi ne. A 1998 lardin Ontariyo na Kanada ya ba kamfanin Nova Group izinin ɗibar lita miliyan 600 a shekara daga tafkin Superior, ya kai Asiya cikin jiragen ruwa. Idan aka kwatanta da girman tafkin, ba wani abu ba ne, amma jama'a sun ga ƙofa ce ake shirin buɗewa. Tafkunan biyar suna riƙe da kusan kashi 20 cikin ɗari na ruwan daɗi da ke bisa doron ƙasa, sai dai kimanin kashi 1 cikin ɗari kawai ruwan sama da dusar ƙanƙara ke sabuntawa a shekara. Aka soke lasisin, kuma a 2008 jihohin Amurka takwas suka ƙulla dokar da ta hana fitar da ruwa daga yankin sai da ƙwararan sharuɗɗa, ciki har da mayar da shi bayan an tace.

A Siberiya ta ƙasar Rasha labarin na ƙazanta ne zalla. Masana'antar takarda ta Baikalsk, wadda ta fara aiki a 1966, ba ta isa ta rage tafkin Baikal mai zurfin mita 1,642 ba. Ta dai yi ta zuba masa ruwan wankinta har aka rufe ta a 2013, ta bar kusan tan miliyan 6 na dagwalo a tafkunan ajiya kusa da gaɓa.

Inda ɗibar masana'antu ta fi nuna kanta shi ne Tekun Gishiri, wanda Larabawa ke kira Bahrul Mayyit, tsakanin Jodan da Isra'ila da Gaɓar Yamma. Tafki ne da ba shi da mafita: kogin Jodan ya zubo, rana ta kwashe. Wajen 1930 injiniya Moshe Novomeysky ya fara haƙar fotash a nan, sinadarin da ake haɗa takin zamani da shi. Daga baya aikin ya koma hannun kamfanin Dead Sea Works a ɓangaren Isra'ila, Jodan kuma ta kafa kamfanin Arab Potash a 1956. Yadda ake aikin shi ne matsalar. Ana jan ruwa daga arewacin tafkin mai zurfi, a baza shi cikin faffaɗan kududdufai a kudu, a bar wa rana ta ƙafar da shi har ma'adinan su kwanta. A nan ƙafewar ita ce sana'ar; ruwan da ya tashi sama shi ne kuɗin. Abin da ake mayarwa bai kai abin da aka ja ba, kuma ya fi shi kauri da gishiri.

A yi adalci, ba kamfanonin ne suka fi laifi ba. Tun shekarun 1960 Isra'ila da Jodan da Siriya suke tare ruwan kogin Jodan da na Yarmuk domin sha da noma, babban bututun Isra'ila kuma ya fara aiki a 1964. Wannan shi ne babban giɓin. Amma gwamnati tana iya cewa mutane take shayarwa. Kamfanin da ke sayar da taki a kasuwar duniya ba shi da wannan hujja, kuma rabonsa a asarar ba ƙarami ba ne.

A shekarun 1960 saman ruwan yana wajen mita 395 ƙasa da matakin teku. Yanzu ya wuce 430, kuma yana sauka fiye da mita 1 kowace shekara. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kudancin tafkin ya yanke daga arewa, abin da ake gani a can yau kududdufan kamfanoni ne. Da gaɓa ta ja baya, ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa ya shiga narkar da gishirin da ke binne, ƙasa ta dinga ruftawa: dubban ramuka sun ci hanyoyi da gonakin dabino da wuraren shaƙatawa. A kudu kuma, abin mamaki, ambaliya ake tsoro, domin gishiri kusan santimita 20 yana kwanciya a ƙasan babban kududdufin kowace shekara, yana ɗaga ruwa zuwa gindin otal-otal na Ein Bokek.

An daɗe ana maganar jawo ruwa daga Bahar Maliya a cike giɓin, har aka sa hannu kan yarjejeniya a 2013, amma a 2021 Jodan ta janye. Abin da ya rage a gaba shi ne lasisin ICL, kamfanin da ya mallaki Dead Sea Works, wanda zai ƙare a 2030. Masu rajin kare muhalli suna matsa wa gwamnatin Isra'ila lamba cewa duk wanda zai karɓi sabon lasisi ya biya kuɗin ruwan da yake ƙafarwa, a kuma yanke masa iyakar abin da zai ja.