Makarantun Sakandaren Kimiyya na Jihar Kano

Makarantun sakandaren kimiyya na Jihar Kano wasu makarantu ne, galibinsu na kwana, da gwamnatin jihar ta ware domin koyar da kimiyya da lissafi ga ɗaliban da aka zaƙulo ta hanyar jarrabawa. An fara su a shekarar 1977, zamanin mulkin soja na Kanar Sani Bello, inda aka mayar da makarantun Dawakin Kudu da Dawakin Tofa na kimiyya zalla. Tun daga farko ba a bar su a hannun Ma'aikatar Ilimi kai tsaye ba. Hukuma aka kafa musu ta kansu, wadda daga baya aka haɗa mata kwalejojin koyon sana'a, aka san ta da Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha.

Dalilin kafa su

An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, daidai lokacin da rikicin 1966 da yaƙin basasa suka sa ma'aikata da yawa 'yan kudu suka koma gida. Sai aka wayi gari jiha mai ɗimbin jama'a ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da masu haɗa magunguna 'yan asalinta. Da kuɗin man fetur ya shigo a shekarun 1970, gwamnati ta samu abin gina asibitoci da madatsun ruwa irin su Tiga, amma masu gudanar da su sai an ɗauko daga waje. Matsalar kuwa tun daga sakandare take. Makarantu kaɗan ne ke da ɗakin gwaje-gwaje na kirki, malaman fiziks da kemistiri sun yi ƙaranci, don haka yaran Kano ba sa samun sakamakon da zai kai su sashen likitanci ko injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya.

Dabarar da aka ɓullo da ita mai sauƙin fahimta ce. Maimakon a rarraba ɗan abin da ake da shi ga kowace makaranta har ya zama bai ishi kowa ba, sai a tattara malamai da kayan aiki da haziƙan yara wuri guda.

Yadda ake karatu

A tsarin farko, yaro yakan yi aji ɗaya da aji biyu a makarantarsa, sannan ya zauna jarrabawar hukumar. Idan ya ci sai ya koma makarantar kimiyya ya fara daga aji uku har ya gama aji biyar. Rukunin farko sun kammala a 1980. Da aka sauya zuwa tsarin 6-3-3-4, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, sai ɗaukar ta koma bayan kammala ƙaramar sakandare, ɗalibi ya yi shekara ukun babbar sakandare a can.

Fiziks da kemistiri da bayoloji da lissafi da Ingilishi dole ne a kan kowa. Babu zancen a yar da fiziks don ya yi wuya, abin da ya zama ruwan dare a sauran makarantu. Akwai kuma darussa kamar zanen fasaha da kimiyyar noma da lissafi mai zurfi.

Abin da ya fi bambanta waɗannan makarantu shi ne aikin hannu a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ɗalibai ke kira firaktikal. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin jarrabawar WAEC, da ta NECO da ta zo daga baya, kowacce tana da takardar gwaji ta musamman a darussan kimiyya uku. A kemistiri ana ba ɗalibi asid da ruwan alkali, ya riƙa ɗiga ɗaya cikin ɗaya har launin ruwan ya juya, ya karanta ma'aunin, ya maimaita, sannan ya yi lissafin ƙarfin sinadarin. A fiziks yakan rataya ɗan ƙarfe da zare ya kaɗa shi, ya auna lokacin kai-kawonsa da agogo, ya zana jadawali, daga nan ya fitar da yawan ƙaruwar gudun abin da ƙasa ke janyowa idan yana faɗowa, wanda ke kusa da mita 9.8 a kowace daƙiƙa cikin daƙiƙa. A bayoloji a ajiye masa fara ko ƙashin dabba ko furen wata shuka, ya zana, ya sa wa kowane sashe suna. Yaron da bai taɓa riƙe waɗannan kaya ba sai ranar jarrabawa, komai haddarsa hannunsa zai yi rawa. A nan ne ɗaliban Dawakin Kudu da Dawakin Tofa suka yi wa tsararrakinsu fintinkau, kuma darasin da ke ciki har gobe bai tsufa ba.

Lissafi shi ne ƙashin bayan duka. Wanda bai iya sarrafa aljabara ba, ba zai warware tambayar gudu da nisa a fiziks ba, ba kuma zai daidaita lissafin sinadarai ba. Ga shi kuma jami'o'in Najeriya ba sa ɗaukar ɗalibin kimiyya sai da kiredit biyar, ciki har da lissafi da Ingilishi. Zaman kwana ya taimaka ƙwarai a nan, saboda karatun dare da ake yi wa laƙabi da firef yana ba yara damar yin aikin lissafi tare, wanda ya gane ya nuna wa wanda bai gane ba, sau da yawa da Hausa.

Faɗaɗawa da suka

A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, sannan aka ƙara ta maza a Kafin Hausa. Dukansu biyu sun faɗa Jihar Jigawa da aka cire ta daga Kano a 1991. Kano ta ci gaba da nata, ciki har da ta 'yan mata a Garko da Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a Gaya. Wasu jihohin Arewa ma sun kwaikwayi tsarin.

Tun ana shirin kafa su aka yi ta sukar cewa za a fifita 'yan tsiraru, a kwashe wa sauran makarantu yaransu masu ƙwazo. Sukar tana da kama, domin mafi yawan yaran jihar a makarantun gama-gari suke, inda aji guda kan cika maƙil, malami ya zana kwalbar gwaji a allo don babu ta gaske. Amma an ga amfanin tsarin ido da ido: likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa a Kano da Jigawa daga waɗannan makarantu suka fito. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Sussex ta Ingila a kan shekaru goma na farkon shirin. Tsofaffin ɗaliban kuma suna da ƙungiya mai suna KASSOSA, wadda ke tallafa wa makarantun da gyaran gine-gine da kayan karatu.