Mece ce "ƙafar agwagwa" da masu nutso ke sawa?

Duk wanda ya taɓa kallon bidiyon masu nutso a teku ya ga wani dogon takalmin roba mai faɗin baki a ƙafafunsu, suna kaɗa shi sama da ƙasa kamar jelar kifi. Ana iya ce masa takalmin ninkaya ko takalmin nutso, amma ni na fi son "ƙafar agwagwa", don sunan ya riga ya faɗi aikinsa. Faransawa ma palmes suke ce masa, daga kalmar da suke siffanta ƙafar agwagwa da ita, mai fata tsakanin yatsu.

Ƙarfin ɗan Adam a cinya yake, amma tafin ƙafarsa ƙarami ne. In ya harba ƙafa a ruwa, sai ruwan ya zame ta gefe, ƙarfin ya tafi a banza. Takalmin yana ƙara wa ƙafa tsawo da faɗi, kuma yana lanƙwasawa. Wannan lanƙwasawar ce sirrin: ko ƙafa ta yi sama ko ta yi ƙasa, bakin takalmin yana tura ruwa baya, mutum ya yi gaba. Ruwa ya ninka iska nauyi kusan sau 800, saboda haka mai goye da tukunyar iska ba zai je ko'ina da hannu ba. Hannun ma yana da nasa aikin.

Tunanin ya daɗe. Leonardo da Vinci, mai zanen nan ɗan Italiya, ya zana safar hannu mai fata tsakanin yatsu. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100, tun yana yaro a Boston ya sassaƙa faifan katako biyu, tsawon inci 10 da faɗin inci 6, da huji na sa babban yatsa. Sun ƙara masa sauri, amma sun gajiyar masa da wuyan hannu. Ya gwada wasu kamar fade a ƙafa, ba su gamsar da shi ba. Katako ba ya lanƙwasawa, dole aka jira zuwan roba.

Wanda ya kamata a riƙe sunansa shi ne Louis de Corlieu, hafsan sojan ruwan Faransa da aka haifa a 1888. A 1914 ya nuna wa wasu hafsoshi samfurinsa na farko. A 1924 ya bar aikin soja ya duƙufa kan wannan abu, bai yi masa rajistar mallaka ba sai a 1933. Shekara goma sha tara ke nan tsakanin nuni da rajista. Sunan da ya ba shi ma abin dubawa ne, domin ma'anarsa "abin tura mutum na iyo da na ceto". Ba yawon kallon kifi ne a ransa ba, tunaninsa yana kan wanda jirgi ya kife da shi yana neman tudu. A shekarar ta 1933 ya shiga ruwan Villefranche, kusa da Nice, ya yi iyon kilomita 8 cikin awa 6 a ruwa mai sanyi, a gaban manyan sojan ruwa. Sun kalla, amma rundunar ba ta karɓa ba. Ya koma yana haɗa takalman da hannu a gidansa na Paris, sai a 1939 aka fara yin su da yawa.

Sai Owen Churchill, Ba'amurke mai hali, wanda ya ci zinare a tseren jirgin ruwa mai filafili a gasar Olamfik ta 1932 a Los Angeles. Ya je tsibirin Tahiti da ke tekun Pasifik ya ga ana iyo da irin wannan takalmi, ya dawo gida da niyyar yin nasa, sai ya tarar de Corlieu ya riga shi rajista. Bai yi jayayya ba, ya sayi lasisi. Ya sake fasalin takalmin, ya yi shi da dafaffiyar roba mai ƙwari, ya sa masa sunansa. A 1940 ƙafa 946 kacal ya sayar. Wani ya yi shuka, wani ya zo girbi, kodayake a yi masa adalci: ya biya, kuma gyaransa ne ya sa abin ya zama kayan kasuwa.

Yaƙin duniya na biyu ne ya buɗe kasuwar. Italiyawa suka fara nuna abin da mutum ɗaya da takalmin roba zai iya. Suna da wasu sojojin ruwa da ake kira Gamma, masu iyo da dare su liƙa nakiya a gindin jiragen abokan gaba, kamar yadda suka yi a Jibralta, tashar jiragen ruwan Ingila a kudancin Sifen, a 1942. Ingila da Amurka suka bi sahu, Owen Churchill ya sayar wa dakarun ƙawance dubban takalma. A lokacin ne Turawa suka fara kiran irin waɗannan sojoji "mutum-kwaɗo", saboda rigar roba da faffaɗar ƙafa.

Cikin 'yan Gamma akwai Luigi Ferraro. A 1943 aka tura shi Iskenderun ta Turkiyya a matsayin ma'aikacin ofishin jakadanci, yana nuna wa mutane bai ma iya ruwa ba. Da dare sai ya sa takalminsa ya yi iyo zuwa jiragen da ke ɗaukar wa Ingila ma'adinin kuromiyom, ya liƙa musu nakiya ya dawo. Da yaƙi ya ƙare ya haɗa kai da kamfanin Cressi na Genoa, suka fito da takalmin Rondine, sunan tsuntsun tsattsewa da Italiyanci. Kafin shi, maɗauri ne ke riƙe dunduniya. Rondine kuwa ana zura ƙafa gaba ɗaya, kamar sau-ciki. Har yau kashi biyun nan ne a kasuwa: mai rufin dunduniya na ruwan ɗumi, da mai maɗauri wanda ake sawa kan takalmin roba a ruwan sanyi.

Gyara na ƙarshe da ya shiga tarihin farko daga Marseille ta Faransa ya zo. A 1964 Georges Beuchat ya fito da Jetfin, gajere mai nauyi, da ƙofofi a jikinsa don ruwa ya ratsa a sashen da ba ya tura komai, ƙafa ta rage wahala. Kamfanin Scubapro ya yaɗa shi a Amurka, kuma bayan shekara sittin sojojin ruwa da masu nutso cikin kogo suna nan suna sayensa, kusan yadda Beuchat ya zana shi.