Unfortunately (kalmar Ingilishi)

Unfortunately bayanau ne a harshen Ingilishi, wanda mai magana ke sakawa domin ya nuna cewa abin da zai faɗa ba haka aka so ya kasance ba. Kusan daidai take da "abin takaici", "sai dai kash" ko "cikin rashin sa'a" a Hausa. Gaɓoɓinta biyar, ana kuma ƙarfafa murya a kan ta biyu.

Asali

Kalmar haɗi ce ta sassa uku. Akwai ɗafa-goshi un- mai korewa, sai sifa fortunate, wato mai sa'a, sai ɗafa-ƙeya -ly mai mayar da sifa bayanau. Sashen tsakiya daga Latin ya fito, daga fortuna, wadda kuma ita ce sunan abar bautar tsoffin Rumawa da suke ganin tana raba sa'a, har suna zana ta da ƙaho cike da 'ya'yan itace a hannu, alamar yalwa. Sassan gefe biyun kuwa gadon tsohon Ingilishi ne. An fara ganin kalmar a rubuce a ƙarni na 16.

Yadda ma'anarta ta gusa

Da farko tana bayyana yadda aiki ya auku ne, wato abu ya faru bisa rashin sa'a. Wannan amfani ya yi ƙaranci yanzu. Tun wajen ƙarni na 18 ta koma tana ɗaukar jimla gaba ɗayanta, tana faɗin abin da ke ran mai maganar. Idan aka ce "Unfortunately, the shop is closed", kantin dai a rufe yake ko da an cire kalmar. Abin da ta ƙara shi ne mai maganar bai ji daɗin hakan ba. Masana nahawu irin su Sidney Greenbaum da Randolph Quirk sun kira irin wannan bayanau disjunct.

Shi ya sa fassara ta da "rashin sa'a" a ko'ina kuskure ne. Sau da yawa babu ruwan sa'a a maganar. Wasiƙar da ke sanar da mai neman aiki cewa ba a ɗauke shi ba takan zo da wannan kalma tun layin farko, alhali mutane ne suka zauna suka yanke hukunci. Aikinta a nan sassauta labari mara daɗi ne, wani lokaci kuma ta ɓoye wanda ya yi hukuncin, abin ya zama kamar daga sama ya faɗo. Masu tsofaffin wayoyin Android sun san ta sarai: manhaja na tsayawa sai allo ya nuna "Unfortunately", sunan manhajar, sannan "has stopped".

Wurinta a jimla

Ta fi zuwa a farko, waƙafi na biye da ita. Tana iya shiga tsakiya ko ta zo a ƙarshe. Takan zama gajeriyar amsa: "Unfortunately not", wato a'a, kuma ba a so haka ba. Da kalmar for ake nuna wanda abin ya shafa, kamar "unfortunately for him". Wajen rubutu, ɗalibai sukan yar da e ɗin da ke kafin -ly.

Makusantanta

Unluckily ta fi manne wa sa'a ta zahiri, kamar ƙwallon da ta bugi turke ta dawo, ba a kuma cika amfani da ita ba. Tushenta luck ya shigo Ingilishi ne daga yaren Holan a ƙarni na 15. Sadly ta fi nauyi, ita ta dace da sanarwar rasuwa, inda unfortunately kan yi kama da maganar ofis. Regrettably kuwa ta rubutun hukuma ce. Kishiyar unfortunately ita ce fortunately.