Tsaurin haɗin ƙwayoyin zarra a ƙarafa

Tsaurin haɗi shi ne gwargwadon ƙarfin da ake buƙata kafin a ɗan nisanta ƙwayoyin zarra biyu maƙwabta daga tazarar da suke zaune a kai. Ana ƙiyasta shi daga yadda ƙarfe ke miƙewa idan an ja shi, ya kuma koma yadda yake in an sake shi.

Tushen lissafin shi ne dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678, wadda ta ce miƙewa tana tafiya daidai da ƙarfin ja muddin jan bai yi yawa ba. Ana ɗaukar kowane haɗi tamkar ƙaramin sifirin, sannan a ƙaddara cewa kowace ƙwaya tana zaune cikin akwati mai ɓangarori daidai, wanda faɗinsa shi ne d. Idan aka rataya nauyi a jikin waya, layukan ƙwayoyin da ke jere gefe da gefe suna raba nauyin a tsakaninsu, miƙewar kuma tana rabuwa kan haɗe-haɗen da ke bin tsawon wayar. Da an haɗa lissafin biyu sai tsawo da kaurin wayar su fita daga ciki, a sami k = E × d, inda k yake tsaurin haɗin, E kuma ma'aunin Young na ƙarfen, wato lambar da ke nuna yadda ƙarfen ke ƙin miƙewa idan an ja shi.

Ana samun d daga nauyin mol ɗaya na ƙarfen (mol wani ƙayyadadden adadin ƙwayoyin zarra ne), da nauyinsa bisa girmansa, da lambar Avogadro, wato yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya. A jan ƙarfe, d ya kai kimanin nanomita 0.23 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), E kuma wajen gigafaskal 120 (ma'aunin ƙarfi a kan fili), don haka k yana kusa da niwton (ma'aunin ƙarfi) 27 a kowace mita. Alminiyam yana ba da wajen 18, darma kuma 5 kacal. Abin burgewa ne a ce waya da ma'auni sun isa su bayyana abin da ido ba ya gani.

Sai dai ƙiyasi ne kawai. Ƙwayoyin jan ƙarfe ba sa jeruwa yadda aka ƙaddara, kowacce tana da maƙwabta 12 na kusa, kuma tsaurin kiristal guda na jan ƙarfe, wato gutsuren da ƙwayoyinsa duka suka jeru a tsari ɗaya, yana ninkuwa kusan sau uku idan aka sauya fuskar ja. Bayan haka, lantarorin da ke riƙe ƙarfe, wato ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, suna yawo ne a tsakanin ƙwayoyi da yawa, ba su tsaya tsakanin biyu ba. Zafi ma yana rage E sannu a hankali, saboda haka dole a ambaci zafin da aka yi awon a kansa.